Motar da Ke Warkewa a Ƙofar Gareji

"Ba zan sa hannu ba, Patron."

Léon, maigidana a gareji, bai ɗago ba. Ya ci gaba da goge yatsunsa da tsumma, ɗaya bayan ɗaya. Takardar tana kan tebur a tsakaninmu, biro a kanta. Layi uku ne kacal da Faransanci: famfon mai na motar Alhaji Ishaku ya mutu, gurɓataccen man bakin hanya da muke kira zuwa-zuwa ne ya kashe shi, kuma ni Mardiya, mai takardar shaidar gyaran wutar mota, na duba na tabbatar.

"Sake faɗa in ji," ya ce.

"Famfon lafiyarsa ƙalau. Sau biyu na auna shi. Na zuƙo man a kwalba na bar shi ya kwanta, babu ruwa, babu datti. Ba zan rubuta abin da ban gani ba."

"Madam Diploma." Haka yake kirana in ransa ya ɓaci, haka kuma in ya ji daɗi, sai ka duba goshinsa ka bambance. "To me ke damun motar?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ba ki sani ba, amma kin san ba famfo ba ne."

"Ƙwarai."

Sau uku ke nan ana jawo mana motar nan cikin wata biyu. Akori-kura ce fara mai shan fetur, ta kwana biyu amma injinta da sauran ƙarfi. Alhaji Ishaku mahauci ne. Da ita ake ɗauko masa nama daga mayanka zuwa kasuwa, da ita ake kwashe fatu. Ciwonta ɗaya ne. Wata rana direba zai murɗa makulli, injin ya yi ta juyawa ya ƙi kamawa, a ɗaure ta da igiya a jawo ta garejinmu a unguwar Poumpoumré ta garin Garoua. Tana shigowa ƙofa Léon zai haɗa mata batirin gareji ya murɗa, ta tashi bugu ɗaya kamar mai yi mana tsiya. Karon farko ya canza buji, wato fulogi. Karo na biyu ya canza batir. A na ukun Alhaji ya ce ya gaji da canje-canje, takarda yake so daga hannun yarinyar nan mai boko, wadda za ta faɗi ciwon da wanda ya jawo shi. 'Ya'yansa sun riga sun cika masa kunne cewa Jérôme, direban da ya yi masa shekara goma sha ɗaya, yana zuƙe man gidan mai ya sayar, ya cika tanki da zuwa-zuwa. Ina sa hannu, Jérôme ya bar aiki.

"Wa kike karewa?" in ji Léon. "Garin nan kaf babu motar da ba ta sha zuwa-zuwa ba. Har ta limaminku. In bai zuba jiya ba, ya zuba bara."

"To a rubuta bara. Ni jiya na duba."

Ya jawo aljihun tebur ya nuna mini wata takardar da bai cika ba. Ita ce shaidar aikina. Kamfanin auduga na neman masu gyaran wutar mota, amma sai wanda ya kawo shaidar shekara biyu cur a gareji ɗaya. Sati biyar ya rage mini. Ya mayar da aljihun a hankali, ni kuma ban nuna na gani ba.

"Ba ni kwana huɗu in bi motar," na ce. "A nan ba ta ciwo. Zan je inda take yi."

"Je ki bi nama. Ran Juma'a da safe takardar nan tana jiranki."

Ba zan ce Léon mugu ba ne. Lokacin da na fito makaranta da takardata, gareji uku suka yi mini dariya, shi ya miƙo mini rigar aiki ya ce in naɗe hannun, ta yi mini yawa. Shi ya koya mini ɗora bakin sukuddireba a jikin inji, in kara kunne a ƙotarsa in ji abin da ke ciki. Abin da ba ya iyawa shi ne ya ce wa mai mota bai sani ba. A wurinsa makanikin da ya faɗi haka ya rufe shago. Dole wani abu ya fita daga mota, wani ya shiga, a sa tsohon a leda a miƙa wa mai ita ya gani da idonsa.

Ran Litinin bayan asuba ina mayanka. Mahauta suka gan ni na sauko daga gaban mota da rigar aiki da jakar kayan awo.

"Jérôme ya yi sabon karen mota!"

"Karen mota mai kallabi! Injiniya, zo ki auna mana wannan san, shi ma ya ƙi tashi."

"Ku kuka yanke masa waya," na ce. "Ku gyara abinku."

Suka yi shewa. Daga nan suka ƙyale ni, sai dai duk wanda ya wuce da cinyar sa a kafaɗa sai ya ce, "Injiniya, a ba mu hanya."

Jérôme dattijo ne siriri, ɗan duwatsun wajen Mokolo, Hausarsa ta kasuwa ce, yana haɗa ta da Fulatanci in kalma ta ɓace masa. Tonton nake kiransa, wato kawu. Ba ya murɗa makulli sai ya taɓa ɗan gicciyen da ke rataye a madubi. Na roƙe shi abu ɗaya: duk lokacin da zai tada mota, ya murɗa rabi ya tsaya, ya bar ni in saurara. Famfon man irin wannan motar a cikin tanki yake, tankin kuma a ƙarƙashin bodi. In ka murɗa makulli rabi za ka ji ya yi ɗan kuka kamar sauro na daƙiƙa biyu. Sau goma sha huɗu na durƙusa a gefen motar ran Litinin, sau goma sha huɗu sauron ya yi kuka, motar ta tashi.

Talata ma haka. Nama zuwa kasuwa, komawa mayanka, ɗanyun fatu da aka barbaɗe da gishiri zuwa ma'ajiya, ruwansu yana ɗiga. Kafin azahar Jérôme ya gangara bakin kogin Binuwai ya wanke ta ciki da waje. Watan Maris ne. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, kujera tana manne wa mutum a baya.

Da na koma gida Inna ta toshe hanci.

"Wannan ne bokon? Shekara nawa ina sayar da ƙosai don ki dawo mini da ƙarnin jini?"

Na gaya mata yadda ake ciki.

"Sa hannu dai ai ba yanka ba ne, Mardiya."

"Yanka ne, Inna. Wuyan ne ba nawa ba."

"Kin ga bakin nan naki. Na ubanki ne sak." Ta tura mini kwanon tuwo da ƙafa.

Ran Laraba muna jira a bakin kasuwa Jérôme ya ce, bai dube ni ba, "Na san abin da ke cikin takardar, ƙanwata. Ki sa hannu. Ni na tsufa, in koma dutse in noma dawa. Ke yanzu kika fara."

"Ba don kai nake yi ba, Tonton. Sunana ne a ƙasan takardar."

Ya yi dariya har ya yi tari. "To madalla. Da na ɗauka tausayi ne, da na ji nauyi." Can ya ƙara da cewa, "Abin da ke ba ni mamaki, damina duk ta wuce ba ta taɓa yi ba. Ruwa, taɓo, ta shiga ta fita. Sai da zafi ya zo."

Na riƙe maganar amma ban san inda zan sa ta ba. Ni a makaranta an koya mini ruwa ne abokin gabar wutar mota. Motar da ke lafiya cikin ruwa ta kwanta cikin rani, sai na fara zargin abin da zafi ke kashewa: kwayil, rile mai sakar wa famfo wuta, na'urar da ke gaya wa inji lokacin tartsatsi. Na taɓa su duka da zafinsu, na auna, babu wanda ya nuna komai. Daren Laraba na kwanta da tunanin wataƙila Léon ya fi ni gaskiya, ba game da famfo ba, game da cewa mutum ba ya cin abinci da "ban sani ba". Kwana uku ina durƙuso a gaban mahauta, abin da na samu ciwon gwiwa ne.

Ran Alhamis aiki ya sauya. Bayan mun sauke fatu, Alhaji ya bugo waya ya ce kada Jérôme ya tafi, ya jira mai ma'ajiyar ya dawo daga jana'iza ya karɓo masa saƙo. Ba a je rafi ba. Motar ta tsaya a fili, babu inuwa, tun hantsi har bayan la'asar. Jinin da ke bodi ya bushe ya yi baƙi, gishiri ya fito fari a gefe-gefe.

Da saƙon ya samu, Jérôme ya taɓa gicciyensa ya murɗa rabi. Na durƙusa.

Shiru.

"Sake."

Ya kashe ya sake. Babu sauro. Ya murɗa duka, injin ya juya, gur-gur-gur, da ƙarfinsa, bai kama ba.

Ban taɓa jin daɗin lalacewar mota irin na ranar ba. Na buɗe gaba na duba fis, lafiya. Na ɗora yatsa a kan rile na ce ya murɗa, na ji ya yi ƙas. Wato wuta tana fita daga gaba, a baya take ɓata. Ina cikin ciro na'urar awo sai na ji ƙarar bokiti. Jérôme ya ɗebo ruwa a randar ma'ajiyar, ya nufi bodi.

"Tonton, me za ka yi?"

"In wanke ta mana, kafin a zo a ja ta."

"Don me?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi don me ake gaisuwa. "Alhaji ya hana. Ya ce ba a kai wa mutane mota da jini da ƙarni, su shiga ƙarƙashinta su kwanta. Rashin mutunci ne. Ko a ina ta mutu, sai na wanke ta tas sannan a ɗaura igiya."

"Duk sau ukun?"

"Duk sau ukun."

"In ka wanke, kana sake gwada makulli?"

"Da wane batir? Kafin nan na gama cinye shi da murɗi."

Na tuna yadda take shigo mana gareji tana sheƙi, ruwa na ɗiga daga ƙasanta, har Léon yana cewa da duk masu mota irin Alhaji ne da an huta.

"Ajiye bokitin nan. Ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa ta."

Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi. Ƙasa tana ƙuna, ƙudaje suna bin fuskata. Na bi wayoyin famfo da yatsa daga saman tanki. Mai kawo wuta tana da wutarta cif. Ɗayar, baƙar da muke kira mas, wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota, an ɗaure ta da ƙusa a jikin shasi. Ban ga kan ƙusar ba. Wani dunƙule ne a wurin, fari da kore, kamar kanwa. Na ɗaga ido. Daidai samansa akwai rami a bodi, faɗin babban yatsa, hasken rana yana shigowa ta ciki. Ba ramin kamfani ba ne, bakinsa a yage yake, da hannu aka huda shi.

Na ɗauko guntuwar waya, na kafa baki ɗaya a wayar mas, ɗayan a ƙarfe mai tsabta.

"Murɗa rabi."

Sauron ya yi kuka a saman kaina.

Na cire wayar. Shiru. Na mayar. Kuka. Na yi haka sau huɗu, don kawai in ji.

Abin ya fito fili. Wata da watanni ruwan gishirin fatu yana bi ta ramin nan yana sauka a kan ƙusa, ya cinye mahaɗin. Muddin wurin da danshi, ruwan gishiri yana ɗaukar wuta, famfo ya samu ta lallaɓawa. Da damina kullum a jiƙe yake. Da rani ma, ruwan nama da wankin rafi suna riƙe shi. Sai ranar da ta daɗe a rana ta bushe ƙarƙaf, hanyar wuta ta yanke. Sannan Jérôme ya wanke ta don girmama mu, ya kawo mana ita da maganinta a jiki. Na kwanta a wurin ina kallon ramin. Babu ɓarawo a cikin maganar nan, babu malalaci. Mutum ɗaya yana son motarsa da tsabta, ɗaya yana bin umarni, mu kuma muna karɓar mota mai sheƙi muna jin daɗi, ba wanda ya taɓa tambayar yadda take kafin a wanke ta.

Léon na fara kira a waya, domin shi ne maigidana. Na gaya masa komai. Ina jin ƙarar guduma a bayansa.

"Aikinki ya yi kyau," ya ce, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. "Yanzu ki kankare wurin, ki ɗaure, ki kawo ta. Mu sa sabon famfo, mu ce abu biyu ne suka haɗu. A cire maganar zuwa-zuwa in kina so. Direbanki ya tsira, ni ma na tsira."

"Famfon ba shi da laifi, Patron."

"Mardiya." Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Na canza wa mutumin nan buji, na canza masa batir, na rantse masa famfo ne. Motoci huɗu yake kawo mini. So kike in tsaya a gabansa in ce ƙusa ce?"

"Ba sai ka tsaya ba. Ni zan faɗa."

"In kika faɗa, kada ki dawo."

Na daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Hanyar da ya ba ni ba ta da muni sosai, na sani. Jérôme zai zauna a aikinsa. Amma 'ya'yan Alhaji za su ce ai ga shi famfo ya mutu, me ke kashe famfo in ba mugun mai ba, zargin ya bi dattijon har kabari. Kuma ni zan ciro famfo mai rai in sa a leda in miƙa wa mutum, ina kallon idonsa. Wannan na biyun ya fi tsaya mini a wuya, ba zan ɓoye ba.

Na cire guntuwar wayar da na yi gwaji da ita, na ce wa Jérôme ya kira Alhaji.

Ya zo a bayan babur, babbar riga a tattare, yana huci. Na gaishe shi na ce, "Baba Alhaji, murɗa da hannunka." Ya murɗa, ta ƙi. Na ɗebo ruwa a moɗa na miƙa masa, na nuna masa ramin.

"Zuba a nan."

"Ke 'yata, wasa kike da ni?"

"Zuba dai, Baba."

Ya zuba. Muka ɗan jira. Ya murɗa, ta tashi bugu ɗaya.

Ya fito ya sunkuya ya leƙa ramin, ya sa yatsa a ciki.

"Ni na huda shi," ya ce a hankali. "Da hannuna, da ƙusa da guduma, bara waccan. Ruwa ne ke kwanciya a kusurwar nan yana wari." Ya miƙe ya dubi Jérôme. Ya ce, "Kai ma sai ka bari ana ta magana a kanka, ba ka ce komai ba?"

"Na ce, Alhaji. Sau biyu."

Alhaji ya kau da kai ya gyara hularsa. Sai ya juyo gare ni.

"To bujin da aka canza? Da batir?"

Da na iya cewa sun tsufa dama. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

"Ba su ne ciwon ba," na ce.

"Famfon da ya ce in kawo kuɗinsa gobe?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Na kankare mahaɗin har ƙarfe ya yi haske, na sa sabon kai, na matsar da shi nesa da ramin, na shafe da giris. Minti ashirin. Motar ba ta sake yi ba har yau, Jérôme ne ke tuƙa ta, in ya gan ni a hanya yana danna mini oda sau biyu.

Ran Juma'a da safe na je gareji duk da haka. Rigar aikina tana ninke a kan benci a waje, jakata a kanta. Léon yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Na yi sallama, na ce na zo maganar shaidar aikina, ko ta wata ashirin da biyu ce ya rubuta mini.

"Rubuta wa kanki," ya ce daga ƙasa. "Ai ke ba kya sa hannu a abin da ba ki gani ba. Ni ma ban ga kin yi aiki a nan ba."

Alhaji ya kwashe motocinsa huɗu daga wurin Léon a satin. Bai kawo mini su ba, ba ni da inda zan sa su, kuma bai tambaya ba. Garejin wani ɗan'uwansa ya kai. Ni ya aiko mini da cinyar rago, Inna ta yi mana miya kwana uku tana ci tana harara ta.

Kamfanin auduga ya rufe karɓar takardu a ƙarshen Afrilu. Na je da takardar makaranta kaɗai, matar da ke karɓa ta duba ta turo mini abata. Na zaga gareji shida. Masu gareji a Garoua sun san juna, tare suke shan shayi. Biyu sun ce babu wuri. Ɗaya ya ce, "A'a, ke ce ta Léon? Hannunki da kyau, an ce. Amma ni ina da iyali."

Yanzu babura nake gyarawa a ƙofar gidanmu, a gindin dalbejiya, kusa da kaskon Inna. Wani lokaci a kawo mota wadda ta gagari kowa, a ɓoye, da sharaɗin kada in faɗi garejin da ta fito. Nakan tambayi kaina ko da akwai yadda zan faɗi gaskiyar nan ba tare da na tsiraita Léon ba, in kai masa motar a bushe ya gano da kansa, ya ci sunan. Wataƙila akwai. Ban neme ta ba a ranar, domin ina son a san ni na gano, wannan ma gaskiya ne. Amma ko an mayar da ni gaban teburin nan, biron zai zauna inda yake.

Abin da na biya shi ne wannan: aikin shekara biyu ba sati biyar da babu takardar da ta nuna na yi shi, gurbin kamfanin auduga, wata tara ba gareji, da mutumin da ya koya mini sauraron inji, wanda yanzu in mun haɗu a kasuwa yake tsallaka titi.